Maki ko Bayani: Muhawara Kan Mai Sharhi da Ƙananan Fina-finai a Kudancin Kaduna

Aikin mai sharhin fim kashi biyu ne, ko da yake yawanci a haɗe ake ganinsu. Akwai bayani, inda yake faɗin abin da fim ya nufa, da yadda aka gina labarinsa, da inda ya yi ƙarfi da inda ya sake. Akwai kuma maki, wato tauraro 3 cikin 5, ko 6 cikin 10, ko kashi 70 cikin 100, wanda ake liƙawa a ƙarshen rubutun. Jaridar Daily News ta New York ta soma sa wa fina-finai taurari tun 1928. Roger Ebert na Chicago Sun-Times, wanda a 1975 ya zama mai sharhin fim na farko da ya ci kyautar Pulitzer, shi da abokin aikinsa Gene Siskel sun taƙaita hukuncinsu a talabijin zuwa ɗaga babban yatsa sama ko kifa shi ƙasa. Daga 1998 shafin Rotten Tomatoes ya shiga tattara ra'ayoyin masu sharhi yana mayar da su lamba ɗaya, kuma duk fim ɗin da bai kai kashi 60 ba sai a sa masa tambarin ruɓaɓɓen tumatir. Muhawarar da ake yi ita ce ko wannan hukunci, musamman makin, yana taimakon ƙaramin fim mai zaman kansa ko kuwa yana danne shi.

A Amurka, fim mai zaman kansa shi ne wanda aka yi a wajen manyan kamfanonin Hollywood. A Nijeriya wannan iyaka ba ta aiki sosai, domin tun daga Turmin Danya na 1990 kusan kowane fim na Hausa daga aljihun mutum ɗaya ko 'yan ƙungiya ya fito. Abin da ake nufi a nan shi ne fim ɗin da ba shi da babban ɗan kasuwa a bayansa, ba shi da tashar talabijin irin Arewa24 da ta saye shi tun kafin a ɗauka, kuma sau da yawa ba shi da fuskar da jama'a suka sani. Kuɗinsa daga albashi yake fitowa, ko adashi, ko gudummawar coci, ko wani tallafi daga ƙasar waje.

Manchok, mazaunin masarautar Moro'a a Ƙaramar Hukumar Kaura, wuri ne da ya dace a auna wannan muhawara. Garin na kan hanyar da ta taso daga Kafanchan ta bi ta Kagoro ta haura tudun Filato zuwa Jos, kuma a Jos ne hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, take tare da makarantarta ta koyon aikin fim. Matashin Kaura da ke son koyon riƙe kyamara ya fi kusa da Jos fiye da Kano, har ma fiye da birnin Kaduna. Amma babu gidan sinima na zamani a garin, irin waɗanda ake ƙirga tikitinsu a fitar da jadawalin fim ɗin da ya fi ciniki a mako. Fim yana zuwa ne ta YouTube da Facebook, ko ta majigin coci, ko ta shagon masu tura fim a waya.

A irin wannan shago ana samun tsohuwar kwamfuta a kan tebur, da jerin wayoyi suna caji, da ƙaramin janareto a bakin ƙofa. Mai saye ya miƙa memori ya ce a zuba masa sabo mai daɗi. Mai shago ya buɗe jaka bayan jaka, ga na Kano, ga fassarar Indiya, ga na Legas, ga na bishara, ya nuna ɗaya ya ce wannan ya yi, ya wuce wani ya ce ba komai a cikinsa. Ba ya rubutu, ba ya ba da tauraro, amma hukuncinsa ne ke yanke abin da gida guda zai kalla a daren nan. Masu yin fim a yankin kuwa galibi masu ɗaukar bidiyon biki da jana'iza ne, da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na matasan coci, da ɗalibai. Suna yi da Hausa da Turanci da Buroka, wani lokaci da Sholio ko Tyap ko Jju.

Masu goyon bayan sharhi da maki sun fi dogara da hujjar talla. Babban fim yana da kuɗin allon titi da tirela da hira a rediyo. Ƙaramin fim ba shi da ko ɗaya, saboda haka kalmar wanda aka yarda da idonsa ita ce kaɗai tallarsa. Suna ba da misali da Kenneth Gyang, ɗan Filato da ya yi karatu a makarantar fim ta Jos. Fim ɗinsa Confusion Na Wa, wanda Ramsey Nouah da OC Ukeje da Ali Nuhu suka fito a ciki, an yi shi da ƙaramin kuɗi tare da tallafin asusun Hubert Bals na ƙasar Holan, kuma a 2013 ya ci kyautar AMAA ta fim mafi kyau a Afirka. Ba cinikin tikiti ne ya ɗaga shi ba, alƙalan gasa ne da masu rubutu. Haka Ishaya Bako, haifaffen Kaduna, wanda gajeren fim ɗinsa na Hausa Braids on a Bald Head, labarin wata mai kitso, ya ci AMAA a 2012. Irin wannan fim ba ya shiga kasuwa ko kaɗan. In ba a rubuta a kansa ba, kamar ba a yi shi ba.

Hujja ta biyu ita ce gaskiyar da dangi ba sa faɗa. Idan matashi ya gama fim a Manchok ya haska shi a zauren coci ko na makaranta, waɗanda suka cika kujerun iyayensa ne da abokan ajinsa da waɗanda suka fito a ciki. Kowa zai ce Allah ya ƙara basira. Babu wanda zai ce masa muryar janareto ta rufe maganar jaruma a fitowa ta uku, ko cewa an yi minti goma ana nuna mota tana tafiya ba tare da labari ya motsa ba, ko cewa wa'azin ƙarshe ya maimaita abin da mai kallo ya riga ya gane. Mai sharhi ne kaɗai aikinsa ya tilasta masa faɗin waɗannan. Maki kuma, a ganin wannan ɓangare, yana hana shi ɓuya. Mutum zai iya cika shafi biyu da kewaye-kewaye don kada ya ɓata wa kowa, amma idan aka ce sai ya rubuta 4 ko 8 cikin 10, dole ya tsaya a wuri ɗaya.

Suna kuma tuna wa mutane da mai kallo. Wanda ya sayi data da kuɗin da ya samu a gonar citta ko a kan babur yana da haƙƙin a gaya masa, a taƙaice, ko awa biyun nan sun cancanci kuɗinsa. Ba kowa ke da lokacin karanta doguwar maƙala ba.

Ɗaya ɓangaren bai musanta amfanin a yi magana kan fim ba. Abin da yake tuhuma shi ne ma'aunin. Maki yana nuna kamar da mudu ɗaya aka auna kowa, alhali wani ya zo da buhu wani da ƙwarya. Fim ɗin da aka ɗauka da kyamara ɗaya ta aro, ba na'urar ɗaukar sauti ta daban, aka yi editin a kwamfutar da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, idan aka jera shi da wanda Netflix ta zuba wa kuɗi aka ba wannan 8 aka ba wancan 3, lambar ba ta faɗi komai game da basira ba, aljihu kawai ta auna. Kuma 3 ɗin nan tana iya zama abu na farko da na ƙarshe da za a taɓa rubutawa kan fim ɗin. Babban fim yana da masu sharhi hamsin, ɗaya ya soke shi wani ya yaba. Ƙaramin fim sau da yawa mutum ɗaya ne ya kalle shi ya rubuta, kuma ra'ayinsa ya zama tarihi.

Yadda ake tara makin ma yana da nasa aibin. Rotten Tomatoes ba ya auna yawan son da aka yi wa fim, yana ƙirga yawan waɗanda ba su ƙi shi ba ne. Idan masu sharhi 100 duk suka ce ba laifi, fim ya samu kashi 100. Idan 50 suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba, 50 suka ce ya ba su haushi, ya samu kashi 50, ya faɗa cikin ruɓaɓɓu. Fim mai zaman kansa kuwa, in yana da wani amfani, shi ne ya gwada abin da babban kamfani ke tsoron gwadawa, wato ainihin abin da ke raba kan mutane. Ga kuma batun saye. A Satumbar 2023 mujallar Vulture ta wallafa bincike da ya zargi wani kamfanin talla da biyan ƙananan masu sharhi, inda ta nuna yadda makin fim ɗin Ophelia ya tashi daga kashi 46 zuwa 62, zargin da kamfanin ya musanta. Idan haka na iya faruwa inda ake sa ido, ba a bukatar dogon tunani kan wurin da furodusa ne ke biya wa mai sharhi kuɗin mota zuwa wajen haska fim, ya kuma sallame shi da ambulan.

Hujjar da ta fi nauyi a wannan ɓangare ita ce ta harshe da wuri, kuma a nan kudancin Kaduna ya bambanta da ko'ina. Hausa ita ce harshen kasuwa da coci da tasha a Kafanchan da Kagoro da Manchok, amma ba Hausar Kano ba ce. Ana yawan cewa ya zo ko da mace ake nufi, ana cusa Turanci da Buroka a tsakiyar jimla, karin sauti kuma yana bin harshen uwa. Mai sharhin da ya tashi a Fagge ko Tudun Wadan Zariya, da ya ji haka, abin da zai fara rubutawa shi ne 'yan wasan ba su iya Hausa ba, ya zabge maki biyu. Alhali da a ce uwa 'yar Moro'a a cikin labarin ta buɗe baki da daidaitacciyar Hausar rediyo, wannan ne zai zama ƙaryar. Mai sharhin Legas kuma matsalarsa ta juye: yana karanta fassarar da ke ƙasan allo ne, saboda haka ba ya jin komai, ko daidai ko kuskure. Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, da ya fito a Netflix a 2021, ya sha suka daga masu kallo na Arewa kan tarihi da sutura da harshe, abubuwan da wanda bai san Zazzau ba zai wuce su bai lura ba. Fim ɗin Manchok yana tsakanin waɗannan idanu biyu, Kano na ganinsa baƙo, Legas na ganinsa na Kano.

Har misalan ɓangaren farko ana iya juya su. Matasan nan na birnin Kaduna da ke kiran kansu The Critics, waɗanda suka yi suna a 2019 da gajerun fina-finan ƙirƙirar kimiyya da suke ɗauka da waya da koren ƙyalle, ba tauraro aka ba su ba. Labarin yadda suke aikin aka bayar, da irin kayan da suke da shi, har ya kai ga J.J. Abrams, daraktan Hollywood, yana cikin waɗanda suka aika musu da kayan aiki. Da an auna su da maki kawai a gefen fina-finan Marvel, da sun faɗi.

Idan aka ɗora hujjojin a sikeli, ba duka ne ke tsayawa ba. Kiran a sassauta wa ƙaramin fim don talauci yana da kama da tausayi, amma a ƙarƙashinsa akwai raini, domin yana nufin ba a sa ran ɗan Kaura ya yi abin kirki. Kuma yana cakuɗa aibi iri biyu. Akwai aibin kuɗi: hoto mai duhu, sauti mai ƙara, rashin taron mutane a inda labari ke bukatar taro. Akwai aibin tunani: labarin da aka kwafo daga fim ɗin Indiya, jarumin da ya tuba a minti na ƙarshe ba tare da dalili ba, mace da aka sa a labari don ta yi kuka kawai, boka da ake nuna shi da jan ƙyalle da dariyar mugunta kamar yadda aka gani a fina-finai ɗari. Rubuta labari mai ma'ana bai fi rubuta maras ma'ana tsada ba. Biro da takarda ɗaya ne. Mai sharhi na ƙwarai yana yafe na farko, yana kama na biyu da hannu biyu. Matsalar maki ita ce ba ya iya nuna wanne aka yafe wanne aka kama. Lamba 5 tana iya nufin kyakkyawan labari da mugun sauti, tana iya nufin kyakkyawan hoto da wofin labari, kuma waɗannan darakta biyu ba shawara ɗaya suke bukata ba.

Hujjar mai kallo ma ta fi ƙarfi a Legas da Abuja, inda mutum ke tsaye gaban allon sinima da kuɗin tikiti ɗaya da fina-finai shida. A Manchok wannan zaɓi ya riga ya samu mai yi, wato mai shagon tura fim da abokai a WhatsApp. Abin da babu shi ne bayanin. Shi kuwa bayani yana da aikin da ya wuce mai kallo na yau. Asusun tallafi da bukukuwan fina-finai, irin Zuma na Hukumar Fina-finai ko bikin fina-finai na ƙasa da ƙasa na Kaduna da aka fara a 2018, suna duba abin da mutum ya taɓa yi, kuma rubutun wani a kan aikin shaida ce. Kannywood ta ci wannan riba tun da wuri: mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a Kaduna a 1999, da Tauraruwa ta Kano wadda daga cikinta sunan Kannywood ya fito, su suka sa masu nazari irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Carmen McCain da Muhsin Ibrahim suka samu abin da za su kafa hujja da shi. Fina-finan kudancin Kaduna ba su da mujallar da ta tsaya musu haka. Wanda aka yi da Sholio, in memori ya lalace ko aka rufe shafin da aka ɗora shi, ya tafi ke nan, har sunayen waɗanda suka yi shi.

Akwai wani fanni da maki ba shi da abin cewa a kai sam, wato fim ɗin da ya taɓo rikici. Yankin ya ga tarzomar Kafanchan ta 1987, da ta Zangon Kataf ta 1992, da ta bayan zaɓen 2011, da hare-haren watan Maris na 2014 a ƙauyukan da ke kusa da Manchok. Duk matashin da ya ɗauki kyamara a nan, ko ba daɗe ko ba jima zai so ya ba da wannan labari, kuma masu kallonsa su ne waɗanda suka binne mamatan ko aka zarge su da kisan. Tambayar da ta dace da irin wannan fim ba ta nawa ya ci ba ce. Tambayar ita ce wa aka ba baki wa aka hana, ko Bafulatanin cikin labarin mutum ne mai suna da iyali ko inuwa ce mai bindiga, ko Kiristan ciki mutum ne ko abin tausayi kawai. Fim zai iya yin kyau a ido ya kuma zama guba, zai iya yin rauni a fasaha ya kuma yi adalci. Tarihin Arewa ya nuna cewa inda sharhi ya yi shiru kan irin wannan, hukumar tace fina-finai ce kaɗai ke magana, ita kuwa almakashi ta sani. An ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a Kano a ƙarshen 2008 a shari'ar da ta shafi Tsintsiya, fim kan zaman tare tsakanin ƙabilu da addinai wanda ya ci kyauta a bikin Zuma a shekarar. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta hana nuna Fuelling Poverty na Ishaya Bako a 2013, shekarar da ya ci AMAA. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a Taraba da Hausa da Fulatanci, ya ci AMAA a 2020 aka kuma tura shi gasar Oscar, sai da aka yanke masa kusan minti 24 kafin a yarda a nuna shi a gida. Wanda ya ba wannan fim tauraro 4 a Nijeriya da wanda ya ba shi 4 a waje ba abu ɗaya suka kalla ba, kuma taurarin ba za su faɗi hakan ba.

Saura batun wanda zai yi rubutun, kuma a nan ɓangarorin biyu kowa ya riƙe rabin gaskiya. Ɗan gari ne ke jin Hausar wurin da Sholio, shi ya san ko rawar da aka nuna ta biki ce ko ta makoki, ko tudun da aka ce na Kagoro ne da gaske na Kagoro ne. Amma ɗan gari ne kuma zai haɗu da daraktan a coci ranar Lahadi, ko ya tarar ƙanwar matarsa ce jarumar. A ƙaramin gari sukar fim tana zama sukar gida guda. Baƙo ba shi da wannan nauyi, sai dai ba shi da kunnen. Wasu 'yan yankin da suka yi nisa a harkar, irin Adam A. Zango ɗan Zangon Kataf, wanda ya fito a Mai Martaba, fim ɗin da Nijeriya ta tura Oscar a 2024, a Kano da Kaduna aka auna su, da ma'aunin can. Mafi kusa da mafita shi ne ɗan yankin da ke zaune a Jos ko Kaduna ko Abuja, malami ko ɗan jarida ko ɗalibin fim, wanda ke da kunnen gida da ɗan nisan da zai ba shi damar faɗin gaskiya, da sharaɗin ya bayyana tun farko in yana da dangantaka da masu fim ɗin ko an biya masa wani abu. Inda zai sa rubutun ma ya sauya: jaridun da ke da shafin nishaɗi sun ragu, abin da ya rage shi ne Facebook da YouTube da TikTok da shirin rediyo na Hausa. Waɗannan kafafe kuwa gajeren hukunci suka fi yaɗawa, bidiyon minti ɗaya mai cewa 2 cikin 10 ya fi maƙalar shafi uku saurin zagaya gari, kuma har yanzu babu mai biyan wanda ya zauna ya rubuta maƙalar.